Da Sauƙi, In Ji Malam

Abin da ya fara ba ni dariya a Indiya, a lokacin da ba ni da bakin dariya, keke ne. Mun fito daga filin jirgin Delhi kaina na juyawa, sai ga keke-napep birjik, kore da rawaya, irin dai waɗanda ke ƙure mutum a bakin kasuwar Gusau. Na ce, "Malam, ka gani? Duk nisan nan da muka sha, ashe garin su keke muka zo." Ya yi ɗan murmushi, ya gyara zaman hularsa. Na ce, "Ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi." Alhali ina kallon gumi na bin wuyansa, babbar rigar nan kuwa kamar an rataye ta a ƙusa.

Malam maigidana ne. Hatsi yake saye da sayarwa a Gusau, gidanmu kuma a Bungudu. Abin ya fara ne da kaluluwa a wuya. To wa ke kai kaluluwa asibiti? Muka yi ta shafe-shafe, aka jiƙa sassaƙe, ta ƙi tafiya, ta ma kira 'yar'uwarta a hammata. A Gusau aka fara ɗora shi kan maganin tarin fuka, har sai da wani likita, Allah ya saka masa da alheri, ya ce a yanki ɗan nama daga kumburin a auna. Sakamako ya dawo cewa ciwon daji ne na kaluluwa, dangin sankarar jini. 'Yan'uwa da abokan kasuwa suka haɗa hannu, aka ce sai Indiya. Duk tsawon wannan lokaci, wanda ya leƙo dubiya amsa ɗaya yake samu. Inna, mahaifiyarsa, da ke zaune tare da mu, ita kaɗai ce ba ta yarda. In ya ce mata da sauƙi, sai ta juyo ta ce, "Ke nika tambaya, Balki, ba shi ba." Ni kuma in sunkuyar da kai in shige madafi.

Wanda ya tarbe mu wani Bahaushe ne, Tukur, ɗan gajere mai yawan turare, da ya daɗe a can yana dillancin marasa lafiya. I, dillanci, ban san wani suna da zan ba abin ba. Tun muna gida ya rantse mana a waya cewa masaukinmu a jikin asibiti yake, har da madafi. Da muka je, ɗaki ne a can saman bene, ba taga, madafin kuwa wani ɗan risho ne a ƙofar banɗaki, asibitin kuma sai ka hau keke ka gaji da zama. Na ce, "Malam Tukur, wannan ne jikin asibitin?" Ya ce, "Hajiya, a garin nan wannan kusa ne." Na buɗe baki zan wanke shi tas, Malam ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Baƙi muke, Balki." Na haɗiye, amma ban manta ba.

Ranar ganin likita, Malam ya sa na ciro masa rigar da yake zuwa Idi da ita. Ya fesa turare, ya kafa hula, ya shiga ofishin nan a miƙe kamar wanda ya zo neman aure. Ni kaɗai na san sau nawa ya zauna a matakala kafin mu sauko daga masauki. Likitar mace ce, dattijuwa mai furfura, tabarau a kan hanci, kuma ko ba ka jin yarenta ka san ba ta sakaya zance. Malam ya raɗa mini, "Wagga ai Gwaggon Tsahe ce." Yana nufin ƙanwar babansa da ke Tsafe, wadda in ta zo gidanmu har kaji ke natsuwa. Daga ranar sunan ya bi likita.

Gwaggo ta duba shi, ta tattaɓa wuya da hammata, sannan ta shiga tambaya. Turancina na sakandare ya yi tsatsa, nasu kuma da gudu yake fita, ban tsinci komai ba. Amma ina da ido. Za ta yi magana doguwa, tana lanƙwasa yatsu, sai Tukur ya juyo ya ce, "Ta ce ya jiki?" Malam ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Tukur ya mayar mata a taƙaice, ta rubuta. Ta sake wata doguwar, Tukur ya ce, "Ta ce kana zazzaɓi?" Malam ya ce, "Da sauƙi." A ƙarshe ta ɗaga yatsa ta yi wani bayani fuskarta a ɗaure, har tana buga tebur. Tukur, idonsa na kan waya, ya ce, "Ta ce za ka samu lafiya." Muka ce amin, muka yi godiya, muka fito.

Aka yi ƙarin magani na farko. Ruwa ne ake rataya a sanda, yana ɗiga cikin jijiya tun hantsi har la'asar. Malam ya jure, amma abinci ya gagara. Abincinsu yaji ne kan yaji, kuma ba irin namu ba, ko ƙamshin ya ji sai amai. Ni kaina kewar gida ta ishe ni, in na ji muryar yara a waya sai na shiga banɗaki na yi kukana na wanke ido. Wata rana ina yawon neman shinkafa a wani lungu, na ga buhu a buɗe a ƙofar shago. Na tsaya, na sake dubawa. Gero! Wallahi gero, a Indiya! Na durƙusa na cusa hannu ciki, hawaye suka zubo mini. Mai shagon, wani tsoho mai gashin baki, bai tambaye ni komai ba. Ya auna mini, ya ga ina kwatanta niƙa da hannu, ya shiga ciki ya niƙo mini da kansa, ya ɗora mini curin tsamiya a kai. Da na kai wa Malam ɗan tsabar da na rage, ya murza a tafin hannu, ya ciza ɗaya, ya ce, "Bai kai namu na Nahuce ba, amma ba laihi." Ranar ya sha kunun tsamiya kofi guda, na ji kamar an yi mini bushara.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, na shigo daga shanya na same shi a kan darduma yana rawar ɗari, haƙora na haɗuwa. Na taɓa goshinsa, kamar murhu. Na ce, "Malam, mu tafi asibiti." Ya ce, "Ɗan zazzaɓi ne, da sauƙi, bari gari shi waye." Na kira Tukur, waya a kashe. Na sake kira, na sake. Daga baya na ji wasu sababbin baƙi ya je tarba, mu ya gama da mu. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na sauka titi da gudu, mayafina a hannu, na tare keke. Direban wani ƙato ne mai rawani da gemu. Na yi ta nuna masa sama ina cewa asibiti, asibiti. Bawan Allah ya kashe kekensa, ya biyo ni, ya ga halin da ake ciki, ya goya Malam a baya ya sauko da shi benen nan. A ƙofar asibiti ya ɗora shi kan kujerar turawa, kafin in juyo in gode masa ya ɓace cikin motoci. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Wata ma'aikaciyar jinya ta sunkuyo tana tambayar Malam da hannu da ido, ina ke ciwo, tun yaushe. Mutumin nan, idonsa ya yi ja, leɓe ya bushe, sai ya ɗaga mata hannu ya ce, "Da sauƙi." Ai ban san lokacin da na fashe ba. Na ce, "Wane sauƙi? Wane irin sauƙi, Malam? Ka bar yara a Bungudu, ka bar tsohuwa tana jiranka, ka zo nan za ka mutu kana da sauƙi!" Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba tun da aka kai ni gidansa.

Sai na ji an ce a bayana, "Ke ɗiyar ina ce, mai faɗa da Hausa a ƙasar mutane?"

Na juya. Wata dattijuwa ce doguwa, ta naɗe jikinta da lafaya, hannu ya sha lalle. Sunanta Hajiya Zainab, daga Sudan. Daga baya ta ba ni labari cewa kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon bai tashi ba har yau. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, da Larabci a ciki, kuma tana jin Turanci. Mijinta take jinya. Ba ta jira na roƙe ta ba, ta ce, "Faɗa mini gaskiya, ni in faɗa musu." Na zazzage mata komai. Tana gama mayarwa wurin ya hargitse, aka tura shi ciki, aka ɗaura ruwa, aka shiga allurai. Gwaggo ta iso da sauri. Ta bakin Hajiya na ji abin da ta buga tebur a kansa ran farko. Maganin nan yana kayar da sojojin jini na ɗan lokaci, saboda haka zazzaɓi kowane iri a garzayo da shi nan take, domin yana iya kashe mutum kafin gari ya waye. Wannan gargaɗin ne Tukur ya mayar mana da za ka samu lafiya.

Allah ya taimake mu, zazzaɓin ya sauka. Da Malam ya fara zama, Gwaggo ta zo ta ja kujera, ta aika aka kira Hajiya Zainab. Ta ce akwai kalmar da mutumin nan ke faɗa mata kullum, an ce mata ma'anarta lafiya ƙalau, tana son ta ji gaskiyarta. Hajiya ta yi dariya har ta riƙe baki. Ta ce mata, a wurinmu ba ƙarya ba ce. Godiya ce ga Allah, kuma tausayi ne ga mai tambaya. Mutum ko yana bakin kabari, in ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce, mai dubiya kuma ya ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya san abin da ya gani. Gwaggo ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "To ni a kan wannan kalma na ɗora lissafina."

Nan ta yi mana bayanin da ya kamata mu ji tun farko. Ta ce ciwon dajin kaluluwa ba iri ɗaya ba ne, kala-kala ne. A da duk kusan magani ɗaya ake yi musu, amma yanzu masu bincike sun kai ga karanta asalin ƙwayar ciwon, su san wanne ne mai gudu, wanne ne mai jin magani. Sun sake auna naman da aka yanka a Gusau, sun san irin nasa. Bayan wannan kuma sai a haɗa shekarun mutum, da awon jininsa, da iyakar inda ciwon ya kai, da ƙarfin da ya rage masa a jiki, a yi hasashen yadda zai kasance, a zaɓa masa maganin da ya dace da shi.

Malam ya gyara zama. Ya ce, "Hajiya, gaya mata gaibu sai Allah. Ba mai sanin gobe."

Gwaggo ta tambayi sana'arsa. Da aka faɗa mata, ta ce in ya cusa hannu a buhu ya ce wannan geron zai kai damina, wancan kuma ƙwari za su cinye shi in ba a yi masa dabara ba, gaibu ya sani? Malam ya ce, "Wanga ai sanin hatsi ne." Ta ce to nata ma sanin ciwo ne, sauran na Mai Sama ne. Amma fa sai an bar ta ta cusa hannu a buhun.

Ta juyo gare ni ta ce mene ne abin da yake yi kullum ba fashi. Na ce salla. Ta ce ta ga Musulmin unguwarsu suna yi, akwai tsayuwa, akwai sunkuyo. Sai ta dubi Malam ido cikin ido ta ce, "A tsaye kake yi ko a zaune?"

Kai! Wannan tambaya ba ta da da sauƙi. Mutum zai iya rufa wa mai dubiya, amma ba zai ce ya tsaya a gaban Ubangijinsa alhali bai tsaya ba. Malam ya dubi ƙasa. Ya ce, "A zaune. Tun kahin azumi." Da bakin ya buɗe kuma, sai sauran suka biyo. Ya faɗi gumin da ke jiƙa masa riga har sai an sauya, ya faɗi yadda wando ya daina zama a ƙugu, ya faɗi cewa ya daɗe bai iya zuwa kasuwa ba, a kwance yake wuni. Ina jin sa ina hawaye, don ban taɓa jin ya faɗi ko ɗaya da bakinsa ba.

Gwaggo ta ce to lissafi ya sauya, yana cikin waɗanda ciwonsu ke buƙatar a matsa masa. Ta sauya haɗin maganin, ta sa wani sabo da ta ce yana gane ƙwayar ciwon, ya manne mata, ya zuba mata dafi a ciki. Ta ƙara da allurar tayar da sojojin jini. Sannan ta nemi izininsa a kan wani bincike da suke yi, a riƙa ɗibar jininsa ana neman ɓurɓushin ciwon, wanda kan nuna ko magani na ci tun kafin hoto ya nuna. Ta ce ba dole ba ne, kuma amfanin ya fi yawa ga na baya. Malam ya ce, "In zai amfani wani, a ɗiba."

Hajiya Zainab ce ta sama mana ɗaki a gidan da take haya, mai taga, ana zuwa asibiti da ƙafa. Tukur ya ɓullo daga baya yana kame-kame. Na ce masa, "Malam Tukur, mun gode, Allah ya ba ka wasu, amma ka riƙa faɗa musu abin da likita ta ce." Wannan karon Malam bai ɗaga mini hannu ba. Watannin da suka biyo baya ni da Hajiya tukunya ɗaya muke ɗorawa. Mijinta ma irin ciwon ne da shi, nasa ya tafi ya dawo. A da, in ji ta, da an ce su koma gida su yi ta addu'a. Yanzu kuwa an ɗebi sojojin jininsa an kai wani wuri ana koya musu gane ciwon, za a dawo masa da su. Na ce ikon Allah, har jini ake kaiwa makaranta.

Gashin Malam ya zube, har gemu, ya daina duba madubi. Duk zuwa, Gwaggo ba ta ƙara ce masa ya jiki ba. Ta koyi tambayarta da Hausa, tana faɗa a karkace, "A saye ko a zaune?" A tsakiyar magani aka yi masa hoton da ake sa wa mutum wani ruwan sukari a jijiya, duk inda ciwon yake ya ci ya haska. Ta jera mana na farko da na yanzu. Na farkon ya cika da haske, wuya, hammata, ciki. Na yanzu saura ɗigo ɗaya a ciki, ɓurɓushin jinin ma ya ragu sosai amma bai ƙare ba. Na so ta ce an gama. Ba ta ce ba. Ta ce hanya ta yi kyau, a ci gaba. A lokacin Malam na tayar da salla a tsaye, in ya kai raka'a ta biyu ya zauna.

Ranar sakamakon ƙarshe ko kunu na kasa sha. Muka zauna, ni da shi da Hajiya Zainab. Gwaggo ta daɗe tana duba hoton. Ta ce babu sauran haske, a jini ma ba su ga komai ba. Ta ce ba za ta ce ya tafi har abada ba, sai an riƙa duba shi a gida lokaci-lokaci, kuma in ya ji wani abu ya faɗa da sunansa. Sannan ta ture tabarau, ta dubi Malam, ta ce da bakinta, ba tafinta, "Da sauƙi." Malam ya rufe fuska da hannun riga. Ni kuwa na kama hannun likitar nan ina ta faɗin Allah ya saka, Allah ya saka. Mun baro Hajiya Zainab a can, mijinta ya karɓi sojojinsa yana murmurewa a hankali. Ta raka mu har bakin keke, ta ce in gaishe mata da ƙasar kakanninta.

Mun isa Bungudu da rana tsaka. Gida ya cika, maƙwabta, abokan kasuwa daga Gusau, har Gwaggon Tsafe ta ainihi tana ba da umarni a tsakar gida. Kowa ya ce ya jiki, Malam ya ce da sauƙi, su ce Allah ya ƙara sauƙi, kamar dai yadda aka yi kafin mu tafi. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta tashi ba. Ya je ya durƙusa a gabanta. Ta dubi kansa da ba gashi, ta ce, "Ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, Inna." Ko kallonsa ba ta sake yi ba, ta ɗago ido ta neme ni cikin mata. Ta ce, "Ke nika tambaya, Balki."

Wannan karon ban shige madafi ba. Kafin in buɗe baki ladan ya kira azahar. Na ce, "Inna, ki dai duba." Malam ya yi alwala, ya ce gajiyar hanya ba za ta bar shi ya kai masallaci ba, ya shimfiɗa darduma a inuwar rumfa. Inna ta bi shi da ido, carbinta ya tsaya a hannu. Ya tayar da kabbara a tsaye, ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya miƙe. Ya sake miƙewa. Sai da ya miƙe a raka'a ta huɗu tsohuwar nan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar da aka ce Indiya.